Mangwaron da Aka Dasa a Tudu

Akwai wani manomi mai garka a bakin kogi. Mutumin kirki ne, ba zan rage masa wannan ba. Ƙasarsa fadama ce, ruwa kusa yake. Duk itacen da ya dasa, shekara biyu yake ba shi ruwa, daga nan saiwa ta kai laima, itace ya riƙe kansa.

Wata rana ya ji labarin wani ƙauye can kan tudu, tafiyar kwana biyu, inda babu itacen inuwa ko ɗaya. Tausayi ya kama shi. Ya ɗora dashen mangwaro da salkunan ruwa a kan jakinsa, ya tafi ya dasa a tsakiyar ƙauyen, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Mata suka yi ta guɗa.

Wata tsohuwa mai riƙon jikoki uku ita ce ta yarda za ta kula da dashen. Amma ta ja shi gefe ta ce, "Ɗana, in ka san ba za ka riƙa dawowa ba, koma da abinka. Rijiyarmu ƙafewa take yi da bazara."

Ya ce, "Iya, kowace bazara za ki gan ni da ruwa, har itacen nan ya tsaya da ƙafarsa."

Bazarar farko ya cika alkawari, ta biyu ma haka. Da kaka ta yi ya leƙo, ya tarar itacen ya fi shi tsawo, ganye shar. Ya ce a ransa, ai ya kama. Shekara biyu ta cika, a garkarsa kuwa shekara biyu ita ce ƙa'ida. Ga kuma wani ƙauyen yana kiransa. Mu faɗi gaskiya, guɗar ranar dashe ta fi jan jaki cikin zafin rana daɗi. Sai ya juya can.

Bayan shekara huɗu ya tuna da mangwaronsa. Ya ɗauki kwando ya kama hanya, yana murna zai ɗanɗana 'ya'yan fari. Tun daga nesa yake baza ido ko zai hango kore, bai hango ba. Da ya iso sai ya ga busasshen kututture, an ɗaure akuya a jikinsa.

Tsohuwar ta fito tana dogara sanda. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta yi masa sannu da zuwa, ta miƙa masa ruwa rabin ƙwarya, domin baƙo ne.

Ya ce, "Iya, me ya same shi? Lafiya lau na bar shi."

Ta ce, "Ganyen damina ka gani, ɗana. Nan tudu ne, saiwar ba ta kai ruwa ba tukuna. Bazarar da ba ka zo ba, tulu ɗaya nake samowa a yini. Nakan raba biyu, rabi jikokina, rabi itacen. Da ƙaramarsu ta kwanta ciwo, sai na daina rabawa." Ta ƙara da cewa, "Yaran har sun zaɓi rassan da za su hau. Wata uku suna zama a bakin hanya suna jiran jakinka."

Manomin ya kasa shan ruwan. Ya zauna a ƙasa kusa da kwandonsa, ya yi kuka mai zafi.

Ya ku ƙaunatattu, ma'anar wannan misali ita ce: manomin mu ne, ikkilisiya. Itacen kuwa makaranta ce a wata ƙasa mai nisa, cikin mutanen da talauci ya danne, wadda muka ce mun ɗauke ta 'yar'uwa. Ruwan shi ne abin da muke aikawa shekara bayan shekara: abincin malami, littafin yaro, ziyara, da addu'a. Tsohuwar ita ce malamai da iyayen can, waɗanda suke rage cikinsu domin ƙofar aji ta zauna a buɗe.

Kuskurenmu irin na manomin ne, muna auna tudu da ma'aunin fadama. An aiko mana hoton gini da sabon fenti, yara sun jeru suna murmushi, sai mu ce ai ta kama, mu nemi wani wurin da za a yi mana guɗa. Abin yana ba ni baƙin ciki ƙwarai, gama yarinyar da ta fara haɗa baƙaƙe a aji biyu, in malami ya tafi, ɗaukar ruwa za ta koma, tana kuma sane da abin da ta rasa.

Ubangiji bai ba mu ruwa shekara biyu ya juya baya ba. Saboda haka kafin mu dasa, mu tambayi mutanen wurin zurfin ƙasarsu, mu kuwa saurara. Inda muka riga muka dasa, bazara ta kusa, yaran kuma suna bakin hanya.