Shirun Sarkin Ruwa

An ce a zamanin da, a wata ƙasa ta bakin kogi, an yi wani sarki mai saurin yanke hukunci, sunansa Mainasara. Wata rana faɗa ya kaure a kasuwarsa har aka fasa kawuna, don masunta sun ce daga ruwa duniya ta fito, makiyaya suka ce daga ɗigon nono, maƙera kuwa suka ce daga tartsatsin wuta. Sarki ya kira wazirinsa Jatau, ya ce, "Ka zaɓo mini labari ɗaya, a kashe sauran."

Waziri ya tara malamai, suka ce, "Halitta ta Allah ce, ba gardama a nan. Waɗannan kuwa zantukan kakanni ne." Ya tara dattawan kowace sana'a, kowa ya kafe a kan nasa, har ran Waziri ya ɓaci. Amma ya lura kowane labari da hani yake ƙarewa. Na masunta cewa ya yi uwar kifaye ce ta ɗauko ƙasa a bakinta daga ƙarƙashin ruwa, shi ya sa ba a jefa taru a tafkin da kifi ke zuba ƙwai.

Ya koma fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, da labaran nan suke tsawata wa 'ya'yansu. A bar wa kowa nasa."

Sarki ya ce, "Zaɓe na aike ka, ka dawo mini da wa'azi? To na hana duka. Wanda ya sake faɗi, bulala."

Waziri ya roƙa, ya sake roƙo, sarki ya kau da kai. Abin da ya fi ƙona wa Waziri rai, shi aka sa ya tura mai shela.

Da damina ta zagayo, samarin masunta suka ce ai sarki da kansa ya ƙaryata uwar kifaye. Suka yashe tafkin ƙaf. Kafin rani kogi ya zama wayam, yunwa ta shiga unguwar masunta, akushin sarki ma ya rasa kifi. Sarki ya fusata, ya sa a kamo Sarkin Ruwa, shugaban masunta, wani tsoho mai suna Bagudu. Waziri ya tare shi a zaure, ya ce, "Baba, kome aka tambaye ka, kada ka tanka."

Sarki ya ce, "Me ya hana ka tsawata wa yaranka?" Bagudu ya yi shiru. Sarki ya sake tambaya, shiru. Ya ce a kawo bulala.

Waziri ya ce, "Zaki, in ya yi shiru ya raina ka, in ya amsa ya karya dokarka, don amsar tana cikin labarin da ka hana. Bulalar wane laifin za a yi masa?"

Sarki ya dubi Bagudu, ya ce, "Faɗi, tsoho."

Bagudu ya ba da labarin tun daga farko. Da ya gama, sarki ya sake shi, ya janye doka, ya ce kowa ya riƙe na kakanninsa, wanda ya yi wa na wani ba'a shi ke da bulala. Kasuwa ta zauna lafiya. Kifi kuwa bai san an janye doka ba, sai da aka yi shekaru ana cin tuwo da miyar kuka zalla, har a gidan Waziri, kafin ya dawo.