Tukunyar Mangwaron Akuya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku buɗe kunne!

Ta zo mu ji ta, mun buɗe.

Akuya ce, kun dai san ta da masifa. Wasu mitsi-mitsin ƙudaje, irin masu bin ruɓaɓɓen kayan marmari, suka cika mata ɗaki. Ta yi musu hayaƙin barkono har ta kusa shiƙewa, suna nan daram.

Ta ƙwala wa maƙwabcinta Ƙadangare kira: "Malam, zo ka cinye min 'yan banzan nan!"

Ya ce, "An gama, uwar ɗaki."

Kwana bakwai yana lashe su har wuyansa ya yi kitse, ƙudaje kuwa sai ƙaruwa suke. Akuya ta fusata, ta ɗauki tsintsiya. Tana jan gado sai ga tukunyar da ta rufe mangwaro a ciki don ya nuna, ta manta da ita. Duk ya zama ruwa da tsutsa. A gindin tukunyar kuwa ga shimfiɗar Ƙadangare.

Ta ce, "Kai munafuki! Ashe ka san da ita?"

"Na sani."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Uwar ɗaki, ci kika ce in yi. In na faɗa, gobe in ci me?"

Ta rarumi tukunyar ta wurga masa, ya haye katanga. Ta wanke ɗaki da toka, kwana biyu ko ƙuda ɗaya babu.

Har yau in ta wuce tana huci tana cewa, "Wato ka sani ko?" sai ya gyaɗa mata kai.

Ƙurunƙus kan ɓera, a nan ta tsaya.