Zakaran da Aka Sa Ya Yi Ƙwai

An yi wani zakara mai girman kai, sunansa Jatau, a makarantar dabbobi ta Bakin Rafi. Tun da kawunsa ya saya masa waya ya yi sallama da tunani. Ajinsu ɗaya da Tabawa, wata agwagwa mai baki kamar rediyo.

Wata rana Malam Bunsuru ya ce kowa ya rubuto insha'i a kan yadda yake yini. Wanda ya fi kowa shi ne monita, ga kuma kwandon gero.

"Ke dai ci gaba da goge-gogenki," in ji Jatau, yana kaɗa zanko. "Monita na gabanki."

"Gwamma goge-goge da sata!" Tabawa ta mayar masa.

"Bincike sunansa, baƙauya!"

Ya latsa waya, ya ci karo da wani dogon rubutu mai manyan kalmomi, ya kwafe shi kaf. Karantawa? Ina! Manya ba su da wannan lokacin.

Washegari Malam ya duba takardar, ya shafa gemu.

"Jatau, kai ka rubuta wannan?"

"Da kaina, Malam. Rayuwata ce tsaf."

"Madalla." Sai Malam ya karanta wa aji da ƙarfi: "Da hantsi nakan shiga akurki in yi ƙwai, in fito ina kyarkyara."

Ashe rubutun wata kaza ya ɗauko. Aji ya kece da dariya.

"Ku yi shiru, baiwa ce!" in ji Malam. "Jatau, ga akurki can. Yi mana guda ɗaya tak, gero naka ne."

Jatau ya kalli akurkin. Da ya ce "kwafa na yi" da an wuce wurin, amma ya faɗi haka a gaban Tabawa? Ya shiga ya durƙusa, yana ta nishi, gumi na zuba.

"Ƙara yunƙurawa, monita!" Tabawa ta leƙo. "Ko a duba maka a waya yadda ake yi?"

Har aka tashi bai ajiye komai ba. Tabawa ta zama monita, ta sungumi gero. Tun daga ranar, duk asubar da Jatau ya yi cara, sai 'yan tsaki su amsa: "Ya fito?"

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya sa sunansa a kan aikin wani, wata rana za a ce ya maimaita a gaban jama'a. Yara, ku duba waya ku ƙaru, amma ku rubuta abin da ya fito daga kanku.