Kwalba Uku a Hanyar Bonkuku

Akwai wani makaniki a tashar motar Filinge, sunansa Sahabi. Shekara ashirin da biyu yana ƙarƙashin rumfa ɗaya, daf da ƙofar da motocin Baleyara suke fita. Mutum ne marar yawan magana. In ka kawo mota sai ya ce ka tayar, ya karkata kai ya saurara, ya faɗa maka ciwonta tun ba ka buɗe baki ba.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, mai ya fara yi wa direbobi wuya. Man kwalba na bakin hanya, wanda ake kira ruwa-ruwa, yau akwai gobe babu. Duk inda direba biyu suka zauna zancen ɗaya ne, mota ta cika shan mai.

Ana cikin haka wani ɗan kasuwa ya sauka daga Yamai da jaka cike da wani ɗan abu ja, bai fi akwatin ashana ba. A jikin tiyon mai ake maƙala shi. Ya ce maganaɗisun da ke ciki yana gyara man kafin ya shiga inji, sai mota ta sha rabin abin da ta saba. Kafin la'asar direbobi sun raɗa masa suna Ɗan Tsimi.

Wanda ya fara saye shi ne Baƙo, shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobin tashar. Baƙo ba mugu ba ne, amma Allah ya zuba masa son girma. In ya furta magana, ko daga baya ya ga ba haka ba ne, sai ya kafe a kanta. Ya maƙala abin a tsohuwar motarsa, ya je Baleyara ya dawo, ya tsaya tsakiyar tasha yana rantsuwa bai taɓa ganin mai ya yi masa auki haka ba.

Gaskiya ne man ya yi auki. Abin da Baƙo ya manta shi ne, kwana biyu kafin nan Sahabi ya wanke masa karbirato, ya sa sababbin buji, wato fulogi, ya cika tayoyi da iska.

Direbobi suka ruga suka saya, suka kawo wa Sahabi ya ɗaura musu. Ya ɓalle guda ɗaya ya duba. Maganaɗisu biyu ne cikin roba, babu komai bayan su.

Ya ce, "Ni ba ni ɗaura wanga abu. Mai ba ƙarhe na ba, mi maganaɗisu za ya ja cikinai? In na amshi kuɗɗinku na ɗaura, na cuce ku."

Maganar ta kai kunnen Baƙo, ya taso a fusace har bakin rumfa.

"Wato ni maƙaryaci na, Sahabi? Kai da ko lakwal ba ka shiga ba, ka hi waɗanda sunka ƙera shi ilimi?"

"Ban ce kai maƙaryaci na ba, Shugaba. Cewa niy yi an yi maka ƙarya."

Da Sahabi ya yi shiru ma da ya fi masa sauƙi. A ranar Baƙo ya ba da umarni kada ɗan sandika ya ƙara kai mota wurin Sahabi.

Wata uku rumfar tana wayam. Kullum sai Sahabi ya zo da safe ya share ƙasa, ya goge sifanoninsa, ya zauna yana kallon motocin da ya raina da hannunsa suna wucewa suna tari. Wasu direbobin sukan kawar da kai don kunya. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma bai zagi kowa ba, bai kuma janye maganarsa ba.

Sai Baƙo ya ƙara da wata. Ya aiko cewa da an ci kasuwar Baleyara mai zuwa Sahabi ya kwance rumfarsa, za a ba mai Ɗan Tsimi wurin ya buɗe shago.

Akwai wata mai tuwo a tashar, Inna Habsatu, taubashiyar Baƙo. Ita kaɗai take gaya masa abin da ta ga dama ya haɗiye, don wasan taubasai ba a fushi da shi. Da ta ji labari sai ta tare shi gaban jama'a da ludayi a hannu.

"Kai taubashi, za ka tada mutum daga wurin cin abincinai a kan abin da ba a gwada ba? Ko miya sai an ɗanɗana a ka yabon ta."

Baƙo ya yi dariya. "A gwada mana! Mi nika tsoro?"

Aka kira Sahabi, ya faɗi yadda za a yi. Mota ɗaya, ta Baƙo, shi ne kuma zai tuƙa. Za a cire tiyon tanki a zura cikin kwalba mai lita guda, a bi hanyar Bonkuku har motar ta mutu da kanta. Sau biyu za a yi, ɗaya da Ɗan Tsimi, ɗaya babu. Inna Habsatu ce za ta sa ta cire a bayan tabarma, ta rufe gaban motar, kada kowa ya san wanne ne wanne.

Sahabi ya ce, "In da shi ta hi nisa sosai, ni da hannuna ni ka kwance rumhwa."

Baƙo ya ce, "Ni ba sai an hwaɗa mini ba. A ƙahwata ni ka jin shi."

Ranar gwaji da hantsi tasha ta cika. Mai Ɗan Tsimi kaɗai ba a gani ba, wai wata tafiyar gaggawa ta taso masa zuwa Yamai tun da asuba.

Aka kare da tabarma, Inna Habsatu ta yi abin da za ta yi. Baƙo ya ja mota, mutane suka cika wata motar suna biye, har da Sahabi da Inna Habsatu. Can gaba akwai wani babban gawo a bakin hanya. Saura kamar taki talatin a kai gare shi motar ta yi tari ta mutu. Aka aza dutse a wurin, aka mayar da tiyon tanki aka koma tasha.

Aka sake kare tabarma, aka sa kwalba ta biyu. Wannan karon motar ta wuce dutsen, ta gangara ta tsaya cikin inuwar gawon.

Baƙo ya diro yana buga ƙirji. "Kun gani! Wagga tahiya da shi anka yi ta! Tun tasha nij ji injin ya yi laushi."

Sahabi ya ce, "Ka tabbata, Shugaba?"

"Awa yadda nis san sunana."

Inna Habsatu ta sauko a hankali, ta kwance haɓar zanenta, ta ɗaga ɗan abin nan ja sama kowa ya gani.

"Ga shi nan, taubashi. Tahiyar hwarko ad da shi. Wagga kau tun tasha shina ƙugu, nau ba na mota ba. Halama shi as sa yau ban ji ƙishirwa ba."

Wayyo, zo ku ga dariya! Wani direba har da zama a ƙasa yana riƙe ciki. Wasu suka fara ihu cewa ashe abin shan mai ma yake ƙarawa. Nan Sahabi ya ɗaga hannu, ya kuma yi abin da ya sa nake ganin girmansa har yau.

"A'a, kada mu yi mishi ƙarya shi ma. Taki talatin ba komi na ba. Ba shi ƙara sha, ba shi ragewa, ba shi yin komi. Amma akwai kwalba ta ukku. Shugaba, ka ba ni motarka rabin awa."

Baƙo bai iya cewa a'a ba. Aka koma tasha, aka tura motar ƙarƙashin rumfar da wata uku ba ta ga mota ba. Sahabi ya zare matatar iska ya kaɗa, yashi ya zubo kamar an juye kwano. Ya kankare buji, ya cika tayoyin da suka yi laɓo-laɓo, ya sa aka sauke matattun tayoyi biyu da tarkacen ƙarafa da Baƙo ke yawo da su a saman mota tun bara.

Ya ce, "Kuma ka taka ta sannu, Shugaba, ba tsere mu kai ba."

Aka sa kwalba ta uku. Motar ta wuce dutse. Ta wuce gawo ko tari ba ta yi ba. Mutanen baya suka fara dukan jikin motarsu suna kiran sunan Sahabi. Tana tafiya, tana tafiya, har gawon ya ɓace a bayansu, sai can kusa da wata rijiyar makiyaya ta tsaya.

Baƙo ya saki sitiyari ya buɗe ƙofa. Da ya fito, kai tsaye wurin Sahabi ya nufa, ya kama hannunsa da hannu biyu gaban kowa.

"Aikinka na nib ba roba lada. Wata ukku na hana ka abinci a banza. Ka gahwarta mini, Sahabi."

"Ya wuce, Shugaba. Allah shi gahwarta muna duka."

Washegari layin motoci ya taso daga rumfar Sahabi har bakin tukwanen Inna Habsatu, ita ma ranar tuwonta bai kai azahar ba. Na farko a layin Baƙo ne. Ya miƙa wa Sahabi Ɗan Tsiminsa ya ce ya jefa a bola.

Sahabi bai jefar ba. Ya ɗaure shi a jikin ginshiƙin rumfa, duk ƙaramin noti da ya kwance sai ya manna a jiki don kada ya ɓace cikin yashi. In wani ya tambaya mene ne wannan, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗan Tsimi na. Yanzu ya samu aikin da ya iya."

Darasi: Duk abin da aka ce zai rage maka shan mai da rabi don kawai ka maƙala shi, ka gwada kafin ka yaba, domin kula da inji, iskar taya da tuƙi a hankali su ne tsimin gaske. Kada girman kai ya sa ka wulaƙanta wanda ya gaya maka gaskiya, kai kuma mai gaskiya ka yi haƙuri, ranarka tana zuwa. Ku tura wa direbobi da masu motar da kuka sani, kada wani ya sayi roba da sunan tsimi.