Jan Bakin Siddo

Akwai wani mai jirgin ruwa a Gaya, sunansa Siddo. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar Malanville ta kan iyaka, ya zama ba ya zaune ba ya tsaye. Ya kai mutane tsallaken kogi, ya kwaso wasu, goro a kumatu kullum.

In ya tofar da yawu sai ka ga ja. Matarsa Hajjo ta ce, "Maigida, wannan fa jini ne."

"Goro ne," in ji shi. "Ke kin fi ni sanin bakina?"

Wata Laraba jiri ya kwashe shi a tsakiyar kogi, da mutum goma sha ɗaya a jirgin. Allah ya tsare. Amma shugaban masu jirage ya rantse Siddo ba ya sake ɗaukar kowa sai lokotoro, wato likita, ya yarda.

Ya tafi gidan likita yana huci. Lokotoro Zuwera ta gwada shi, ta ga jininsa ya hau, ta ba shi magani. Sannan ta ce ya buɗe baki.

"Madam, kaina na kawo miki. Ni rago ne da za a duba mini haƙori?"

"Baba Siddo, dasashinka ya kumbura, yana ruɓewa. Kumburin nan ba ya tsayawa a baki. Yana bin jini, yana wahalar da jijiyoyin jini. A wanke, a yi magani, su ma su samu sauƙi."

Ya kwashi ƙwayoyinsa ya fita ko sallama babu. Ni dai taurin kai irin wannan yana ci mini rai.

Wata biyu yana zarya tsakanin gida da bakin kogi, yana kallon abokansa suna lodi. Jiri ya ragu, awon jini bai sauka yadda ake so ba, lokotoro ta ƙi sa hannu.

Da Hajjo ta gaji, ta ɓoye goron gidan kaf. Kwana uku bai ci ko ɓari ba. Ran na huɗu yana alwalar azahar ya kurkure baki ya zubar. Ja wur.

Ya daɗe a tsugune yana kallon jinin.

Ya koma gidan likita da ƙafarsa. Aka kankare dattin da ya daskare a gindin haƙoran, aka yi ta magani, yana kuma shan na hawan jini. Kumburi ya sace, awo ya daidaita, aka bar shi ya koma kan jirginsa. Sai dai haƙori biyar sun riga sun tafi.

Yau Siddo, ɗan shekara arba'in da huɗu, da magogi yake yawo a aljihu, yana goga goro kamar tsoho kafin ya iya ci.

Darasi: Jinin dasashi ba ƙaramin abu ba ne, baki da jijiyoyin jini jiki ɗaya ne. Kada girman kai ya hana ka jin maganar masani. Ku tura wa duk wanda kuka san yana cewa "goro ne".