Masu Awo Uku a Ƙofar Gualter

Akwai wani dattijo a garinmu, Paços de Ferreira, sunansa Gualter, tsohon direban motar burodi. Tun da matarsa Noémia ta rasu cikin sanyin bara bai sake hawa gadonsu ba. Kyautar da shi ya yi, ya koma kwana a kujerar falo, talabijin a kunne ba murya. Ba ya kuka, ba ya ƙorafi. In ka gaishe shi zai amsa, amma kamar daga wani ɗaki yake amsawa.

'Yarsa Celeste tana aiki a Faransa. Wata rana ta kira shi.

"Baba, ina zuwa hutun Agusta. In na tarar har yanzu a kujerar nan kake kwana, rufe gidan zan yi in tafi da kai. Ba wasa nake ba."

"To," in ji shi.

Ba ya son tafiya. Noémia tana kwance a maƙabartar bayan coci, duk Lahadi yake zuwa ya zuba wa furanninta ruwa, kuma wannan ne kaɗai abin da yake yi ba sai an ce ya yi ba.

Sai yayarsa Idalina ta shigo maganar. Ku da ba ku san Idalina ba, da hanci take magana, kuma ba ta taya kaya sai ta fara jan tsaki.

"Tashi ka sa riga, ƙanena. Yau za ka ga yadda ake sayen gado. Kai dai ka rufe bakinka."

Wannan bai yi masa wuya ba.

A layin masu kayan ɗaki na unguwarmu, ka shiga shago goma ka tambayi farashi, ba mai jin haushi. Amma ranar da ka ce wa mai shago ya zo gidanka ya auna ɗaki, ka ba shi magana ke nan. Zai rufe shagonsa ya ɗauko tef ya zo, don ciniki ya faɗa. Idalina ta san haka sarai.

Suka fara da shagon Dona Arminda. Idalina ta ƙwanƙwasa kan wani gado, ta ja tsaki.

"Wannan? Abílio mai shagon can ya bar min irinsa a rabin kuɗin nan."

Arminda ta dube ta ta saman tabarau. "To ki ruga ki saya kafin ya farfaɗo."

"Ke dai ki zo ranar Talata bayan abincin rana ki auna mana ɗakin."

A shagon Abílio ta ce Arminda ce ta bari a rabi. A shagon Fausto ta ce dukansu biyun roƙonta suke yi. Kowa kuma ta ce masa Talata, bayan abincin rana.

A hanya ta zunguri Gualter. "Su haɗu a ƙofarka su yi ta karya juna, mu muna zaune muna kallo!"

"To," in ji shi.

Ranar Talata motoci uku suka tsaya a ƙofar gidan. Mutum uku suka fito, kowa da tef a hannu. Suka tsaya suna kallon juna. Abin da Idalina ta manta shi ne, mutanen nan a teburi ɗaya suke shan miyar kabeji kowace rana.

"Abílio, ashe rabin kuɗi kake sayarwa yanzu?" in ji Arminda.

"Ni? An ce min ke ce kika zare."

Fausto ya ce, "Ni kuma an ce kuna kuka kuna roƙo."

Idalina ta fito da murmushi. "To, tunda kun hallara, wa zai fara ragewa?"

Kowa ya juya ya nufi motarsa. Ƙarar tef kawai aka ji yana komawa gidansa, tas, tas, tas. Gualter yana tsaye a bakin ƙofa da silifa, yana kallon ƙurar motocin.

Kafin yamma layin duka ya ji. Ga kafintoci suna shirin rufewa don hutun Agusta. Duk shagon da Idalina ta shiga, cikin ladabi za a ce mata, "Ayya, sai Satumba."

"Su dafa katakonsu su ci!" in ji ta, ta koma gidanta.

Saura 'yan kwanaki Celeste ta iso, Gualter ya tafi shagon Arminda shi kaɗai. Ya tarar tana shara.

"In yayarka ce ta aiko ka, tef ɗina ya ɓata."

"Ni kaɗai ne. Ƙarya muka yi miki. Abílio bai faɗi haka ba."

"Kai ai ba ka ce komai ba."

"Shi ya sa na zo."

Ta jingine tsintsiyar.

Ya ce, "Na zagaya. Na Fausto ya ɗan fi naki sauƙi, amma naki nake so. Ban iya ciniki ba. Noémia ce take yi, ni jaka nake riƙe mata."

Arminda ta ce, "Kafintocina sun tafi hutu, sabo ba zai samu ba. Sai wannan na talla da ke gaban gilashin shago. Ragin da na yi niyyar yi maka kuwa, na ƙone shi a man mota ranar Talata. Yadda na faɗa da farko, haka yake."

"To."

"Kai da 'to' ɗin nan naka! Ba a sayen gado a tsaye. Kwanta ka gwada."

Ya kwanta a hankali, ƙafafunsa a waje don kada takalmi ya ɓata zanen gado. Ta juya ta amsa waya. Kafin ta gama, mutumin nan ya yi barci, baki a buɗe, a gaban gilashi, masu wucewa suna leƙe.

Ta ja labule. Da Abílio ya leƙo kiranta cin abinci, ta ɗora yatsa a baki.

"Wannan ba ƙanen waccan ba ne?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Shi ne. In ya tashi, motarka za ta kai gadon, tawa ta cika."

Ranar da Celeste ta iso, ko jakarta ba ta ajiye ba ta wuce ɗakin. Ta ga zanen gado a yamutse, matashin kai ya lotsa a gefe guda. Ta tsaya a wurin jim kaɗan, sannan ta fito ta tambaye shi ko akwai kofi. Ƙarshen wata ta koma Faransa ita kaɗai.

Idalina kuwa, har yau in ta shiga shago a layin nan, ana ba ta kujera, ana ba ta ruwa, sannan a nuna mata farashin da ke manne a jikin kaya, ba a rage ko sisi.

Darasi: Ka zagaya, ka tambaya, ka taya, duk haƙƙinka ne. Amma kada ka sa wa wani ɗan kasuwa maganar da bai faɗa ba, kuma kada ka taso mutum daga shagonsa alhali ba ka yanke shawara ba. Wanda ya faɗi gaskiya ko bai samu ragi ba, yakan samu biyan buƙata. Ku tura wa Idalinar gidanku, kowane gida da tasa.