Dalilin da Ya Sa Ake Jibge Mana Wanki da Bazara

Yau dai Kaka ta buɗe baki! Ke Hajjo matso nan, kai kuma Sadi ajiye ƙwallon nan ka ji. Kun san tulin wankin da mutanen gari ke kawo mana duk ƙarshen bazara, wai mu wanke ruwa ya sauka? Ina matsa mata ƙafa na tsare ta da tambaya har ta gaji. To ga dalilin da ya sa.

Da can kowa a gidansa yake wankinsa. Kakar Kaka, Delu, mace ce da ba ta san zama ba, kullum tana gona. Sai dai tana da wata gwiwa da ta taɓa gocewa tun tana yarinya. Duk sanda ruwa ke shirin zuwa, gwiwar nan sai ta hau zogi tun kafin kowa ya ga hadari. Ranar ba zuwa gona ke nan. Sai ta miƙe ƙafa a tsakar gida ta yi wankin da ya taru, tana gama shanya ruwa ya zo ya jiƙe mata kaya. Ita haushi ma abin yake ba ta.

Ashe maƙwabciyarta Kuluwa tana leƙe ta saman danga.

Wata shekara aka yi shuka, ruwa ya ɗauke, gero ya fara lanƙwashewa. Sai ga Mai-gari Barau a ƙofar gida da babbar rigarsa a hammata, Kuluwa na bayansa.

"Delu, ki taimaka ki wanke min wannan."

"Ranka ya daɗe, sabulu ne ya ƙare a gidanka?"

"Ruwa muke nema. An ce in kin yi shanya sama ba ta iya haƙuri."

Delu ta harari Kuluwa. "Ranka ya daɗe, an juya maka zancen. In ruwa ya taso shi ke taɓa min gwiwa, gwiwar ta zaunar da ni, zaman ya sa ni wanki. Ruwan na tafe ko na wanke ko ban wanke ba."

Mai-gari ya washe baki. "Madalla. Da bakinki kin ce kina wanki ana ruwa."

"To da rani fa? Wa ke min wanki, aljanu? Ko yayyafi kun taɓa gani?"

Kuluwa ta ce, "Haba Yaya, da rani ai ruwa ba ya kusa, ina zai gan ki?"

Kafin la'asar tsakar gida ta cika da ƙunshin kaya, har da tsummokaran jaki. Delu ta yi ta dirza, hannunta ya tsattsage, ciyawa ta cinye mata gona, sama ko gezau. Maimakon su gane, sai suka ce ba da zuciya ɗaya take wankin ba, suka ƙaro wasu.

Da abin ya ishe ta, ta je gaban Mai-gari da hannuwanta a kumbure. "Mu yi sharaɗi. Daga yau ko tsumma ba zan jiƙa ba. In ruwa ya sauka a haka, kun sake ni har abada."

"In kuma sai da wankinki ya sauka, aikin ya zama na gidanki," in ji shi. Ta yarda, don ta san gaskiyarta.

Ba a daɗe ba, wata safiya gwiwa ta ce ga ni. Delu ba ta taɓa murna da ciwo irin ta ranar ba. Ta zauna a inuwa ta harɗe hannu tana jira. Can ƙishirwa ta kama ta, ta ɗingisa wajen randa, ta sunkuya. Iskar hadari ta fizge mata ɗankwali ya faɗa ciki tsundum. Ita kuwa ba tunanin komai, ta tsamo shi, ta matse, ta yarfa a kan danga.

Sai aka yi tsawa.

"Jama'a, ta yi shanya!" Kuluwa ce daga bayan danga. "Ɗankwali ɗaya tak ya jawo wannan, ina ga buhu guda?"

Delu ta fito cikin ruwa tana rantse-rantse tana nuna gwiwa, su kuwa suna ta sa mata albarka. Ba wanda ya saurare ta.

Shi ya sa har yau, mu da gwiwoyinmu lafiya lau, mu ke dirzar kayan gari. Kuma ku lura, ba sa kawowa sai lokacin damina ya matso, to ya za a yi ruwa bai biyo baya ba?

Amma bana ni da Kaka mun shirya. Duk abin da aka kawo, rumbu za mu tura shi da dauɗarsa. Ranar da ruwa ya sauka mu fito da shi gaban kowa yana tsami. Don Allah don Annabi kar ku faɗa wa kowa tukuna, balle jikokin Kuluwa. Ke kuma Hajjo, ki ɗaure ɗankwalin nan da kyau, kar in gan ki kusa da randa.